Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Aiken da Baffa ya yi mini zuwa Marwa

Makon jiya na tsaya ne a inda malaminmu Bafaranshe ya bar mini madubin hangen nesansa da zai koma gida. Ban faɗa muku ba, har da wani littafi mai baƙin bango ya haɗa mini, da taswirar sama wadda ya zagaye wani ɗigo a cikinta da jan biro: U Geminorum. Ya ce kowane dare in duba in rubuta, ko da ban ga komai ba.

To, galibi ba na ganin komai ɗin. A ma'aunin masana, idan lamba ta hau haske ya ragu ke nan. Wannan tauraruwa tana zaune wajen 14, madubina kuwa da ƙyar yake kai 13. Sai in hau soron Inna bayan lisha, in rufe tocila da jan ƙyalle don kada ido ya lalace, in nemo taurarin da ke gefenta masu lamba a taswira, in rubuta "ba ta kai 13 ba". Ga shi kuma lokacin da take tsayawa sosai a samaniyar Garwa shi ne lokacin hunturu, ƙura ta taso ta rufe Binuwai, wani daren ko Kaza da 'Ya'yanta ba ka gani.

Baffa yana daga zaure yana jin takuna a kan soro. Maganarsa ɗaya ce: "Tauraro ba ya cika tukunya."

Abin da nake jira shi ne tashinta. Kusan kowane kwana 100 haskenta yakan ninka sau ɗari, ta kai wajen 9, ta yi mako ɗaya ko biyu, ta koma. Wani Bature ɗan Ingila, John Russell Hind, ya fara ganinta a 1855. Ashe taurari biyu ne manne da juna, wata farar wada, wato ƙanƙanuwar tauraruwa mai nauyin tsiya, tana zuƙar iskar 'yar'uwarta, iskar tana taruwa kamar faifai a kewayen farar wadar. In faifan ya cika ya yi zafi, sai ya juye a kanta gaba ɗaya, shi ne tashin. Tashin kuwa cikin kamar kwana ɗaya yake faruwa, shi ya sa wanda ya kama farkonsa ya yi babban kamu.

Na cika shafi bakwai da "ba ta kai ba". Sai Baffa ya kira ni, ya ce gobe da asuba zan bi motar fatu zuwa Marwa in karɓo masa bashi. Na durƙusa na ce, "Baffa, a bari zuwa jibi mana." Ya ce, "Saboda tauraron?" Ya kalli Yaya, suka yi dariya. Yaya fa yana zaune, ba abin da yake yi a makon nan sai shan shayi a bakin kasuwa. Wannan har yau ban ga dalilinsa ba, Allah ya jiƙan Baffa.

Kwana uku na yi. Daren da na dawo ko ƙafa ban wanke ba na hau soro. Tana nan tar, kamar an kunna aci-balbal a inda na saba ganin duhu. Na gwada ta da maƙwabtanta, hannuna yana rawa, na rubuta 9.4. Ta tashi ba na nan.

Bara ɗiyata ta biyu, wadda ta yi karatu a Ngaundere, ta buɗe mini kwamfuta ta nuna mini ma'aunin da mutane daga ƙasashe suke aika wa ƙungiyar AAVSO ta Amurka, ta masu lura da taurarin da haskensu ke canzawa, wadda aka kafa tun 1911. Yanzu kyamara ke aunawa, hoto bayan hoto. A zanen sai ka ga hasken yana nutsewa kowane awa 4 da kwata, saboda 'yar'uwar farar wadar ta gifta ta tare wuri mafi haske a bakin faifan. Husufi ke nan, sau biyar da wani abu a yini, a kan soron Inna ma yana ta yi, idona ne bai kai ba. Ta ce, "Baba, ina littafin naka? Ai suna karɓar tsofaffin ma'auni, har da daren da ba a ga komai ba."

Na yi shiru. Littafin, a shekarar da aka yi auren Yaya, Baffa ya yayyage bayansa ya rubuta lissafin goro. Kuɗin da na karɓo masa a Marwa ma cikin hidimar auren nan suka shige. Tauraro ba ya cika tukunya, in ji shi.

Shafi biyu suka tsira, suna cikin akwatin Inna. Yadda suka kai can, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.