Aikin furogiram na jana'iza, da shafin da ya fi ba mu wahala

Ina da ɗan shagon buga takardu a Kafanchan, ni da yara biyu, kwamfuta, firinta, injin laminatin, sai janareto wanda in za a faɗi gaskiya shi ne babban ma'aikacin shagon. Muna yin katin biki, kalanda, rasit na makarantu, amma abin da ke riƙe da shagon shi ne furogiram na jana'iza. Mutanenmu na kudancin Kaduna ba sa wasa da jana'izar tsohuwa, gawa sai ta yi sati biyu ko uku a mocuwari ana jiran 'ya'ya su taru daga Abuja da Legas, amma duk da haka mai buga takarda sai ana saura kwana uku za a tuna da shi, a zo ana cewa oga don Allah gobe muke so.

Shi aikin kansa a sane yake. Hoto a bango, tsarin sujada daga wajen fasto, waƙoƙin da za a rera daga Littafin Waƙoƙi da lambobinsu, ayoyi, sai gaisuwar 'ya'ya da jikoki. Bangon muna sa takarda mai sheƙi, cikin kuma farar takarda, a ninke A4 ya koma A5 a buga sitefula. In kwafi ya wuce ɗari biyar ba na wahalar da firintata, Jos ko Kaduna nake turawa a buga a babban inji. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin takarda da tawada ba sa zama wuri ɗaya, shi ya sa farashin da na faɗa maka yau ba na tsaya masa bayan sati.

Inda ake shan wuya shi ne shafin tarihin rayuwa. Kwanakin baya aka kawo mana aikin wata Mama daga wani ƙauye ta wajen Kagoro, 'yar cocin ECWA, babban ɗanta ya turo rubutu ta WhatsApp da Turanci, layi takwas kacal, an haife ta, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya bakwai, mace ce mai tsoron Allah, ta bar jikoki kaza. Kuma wai shekararta 105. Na kira shi na ce yallabai wannan lissafin daga ina, ya ce haka ake faɗa a gida. Ai kowace tsohuwa a wajenmu da ta rasu sai ta haura ɗari, alhali ba mai takardar haihuwa.

Ni abin da nake yi, sai in ce a haɗa ni da matan zumunta, wato ƙungiyar matan cocinsu, don su suka zauna da ita benci ɗaya shekara da shekaru. Uku suka zo shagon da zanensu na zumunta, na sa yaro ya sayo musu lemo, na ce Mama ku ba ni labari kawai ni zan rubuta. Ɗaya ta ce lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna marigayiyar tana budurwa ana shirin aurenta, to Sarauniya 1956 ta zo, ka ga ko an ba ta shekara ashirin a lokacin ba ta kai ɗari ba, tana dai wajen casa'in. Da irin wannan muke kamo shekaru, samun 'yancin kai 1960, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973, tsofaffi ba sa manta ɗan da suke goyo a lokacin.

Daga nan labari ya ɓalle. Mijinta soja ne, ya tafi yaƙin bai dawo ba, ita ta riƙe yaran da noman citta da sayar da kunu a tashar jirgin ƙasa lokacin da Kafanchan ke tashe. Ba ta shiga aji ba, a ajin baftisma ta koyi karatu da Hausa don ta iya buɗe Littafi Mai Tsarki da kanta, kuma nata littafin suka zo da shi a leda, bango ya cire an ɗinke da zaren buhu, a shafin farko ta rubuta sunayen 'ya'yanta har da biyu da suka mutu suna jarirai, waɗanda shi babban ɗan ma bai sa su a lissafi ba. Ita ce mai buga tulu a zumunta sama da shekara talatin, kuma in mace ta haihu a ƙauyen ita ake bugawa ƙofa ko da tsakar dare, maƙwabtansu Fulani ma ita suke kira. Ɗaya daga cikin matan zumuntar ta ce "kar ka rubuta wai ba ta faɗa, tana faɗa sosai, in ka makara zuwa sujada za ka ji a jikinka", na ce Mama in sa? Suka ce sa mana, ai kowa ya sani.

Na rubuta shi da Hausa shafi biyu, na bar na Turancin a gefe. Ɗan ya ɗan yi gardama saboda ƙarin shafi ƙarin kuɗi ne, kuma abokan aikinsa na Abuja ba sa karanta Hausa, na ce yallabai su abokan aikin za su ci shinkafa su bar takardar a kan kujera, waɗanda za su sa ta cikin Littafi su ajiye su ne matan nan. Shekarun ma mun daidaita, muka rubuta "wajen shekara 90", ya yarda da ƙyar don an riga an buga 105 a ƙyallen sanarwa da riguna a wani wurin.

Ba na cajin kuɗin zaman nan da rubutu, rabin yini yake ci kuma man janareto na tafiya, yarana suna ta mita a kai. Yanzu dai duk wanda ya kawo aikin jana'izar tsohuwa, kafin mu yi maganar kwafi nawa da kalar bango sai ya ba ni lambar shugabar zumunta ta ikilisiyarsu, in bai da ita ya kira gida a nemo.