Kafin kurtu ya karɓi makullin mota

A aikin soja a nan Kamaru akwai wani mako da dillalan mota suka fi mu sanin ranar zuwansa. Yaro zai gama horo, a tura shi bataliya, ya yi watanni yana cin tukunyar bariki kafin sunansa ya hau takardar albashi. Ranar da ya hau, sai a tattara masa kuɗin watannin baya a zuba masa a asusu gaba ɗaya, abin da muke ce wa rafel. Yaron da ko jaka hamsin tasa ta kansa bai taɓa riƙewa ba, sai ya wayi gari da abin da mahaifinsa ba ya samu a audugar damina guda. Kafin la'asar hotunan Corolla da Carina da Yaris sun cika masa WhatsApp.

Mafi yawan shekaruna na aiki a sashen motoci na yi su, tsakanin Garwa da Marwa da Mora, shi ya sa yaran ke nemana. Galibi ba shawara ce ke kawo su ba, sun riga sun yanke hukunci, so suke in raka su in saurari injin. "Shef, don Allah zo ka duba mini. Mai ita ya ce daga Beljiyam ta sauka, wata tsohuwa ce ke hawanta." Ina zuwa, ba na ƙi. Amma tun a hanya nakan yi tambayar da aikin nan ya koya mini: nan da wata shida ina za ka kasance, kuma a hannun wa makullin zai zauna?

Babu kurtun da ke da amsar kashin farko. Tun 2014, da rikicin Boko Haram ya tsallako iyaka aka buɗe yankin soja na huɗu mai hedikwata a Marwa, aikin sabon soja a arewa ya koma na jaka a baya. Sashe na ɗaya na rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi a Mora yake, daga nan kuma ana rarraba mutane Kolofata, Amchide, Fotokol, har Darak inda sai da kwalekwale ake shiga. Daga 2017 kuma aka ƙara da Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma. Saƙo ne zai zo da dare, da asuba kana bayan babbar mota da bindigarka tsakanin gwiwoyi. Ba a tafiya fagen daga da motar gida. Hutu kuwa sai ranar da kwamanda ya sa hannu, kuma waya guda na iya katse shi.

To mota fa, ina za ta zauna? A kusan kowane barikin da na zauna akwai wata darbejiya a bayan ɗakunan gwauraye da ta zama makabartar irin waɗannan motoci. Batir ke fara mutuwa. Tayoyi su sace a hankali har roba ta tsattsage ta gefen da ke ƙasa. Zafin Maris da Afrilu, wanda a Garwa da Marwa yakan haura digiri 40, ya fasa robar gaban direba, ya busar da robobin ƙofa. Ɓeraye su shiga ta ƙarƙashi su ci wayoyi, su yi sheƙa a cikin matatar iska. 'Ya'yan darbejiya da kashin tsuntsu su cinye fenti, awakin matan bariki su mai da bonet wurin shan hantsi. Mai ita ya dawo a rame, da ɗan guzurin da ya tara a daji, kuma kafin ya kai wa Inna ko turmin atamfa, rabinsa ya tafi gareji. Duk tsawon lokacin nan banki bai manta da shi ko wata ɗaya ba.

Shi ya sa da yawa sukan ce ai ba za ta zauna ba, ƙanena zai riƙa jigila da ita, ta biya kanta. A baki lissafin yana da daɗi. Amma garuruwanmu na babura ne. A Garwa ko Marwa mai zuwa kasuwa ɗan acaɓa yake tsayarwa, ba tasi ba. Abin da ya rage wa ƙaramar mota shi ne kasuwannin ƙauye, irin ta Pitowa ranar Lahadi, inda za a cusa mutum bakwai ko takwas, a ɗora buhunan albasa da dawa, a ɗaure akuya a but. Motar da aka ƙera don titin Turai, ta riga ta yi shekara goma sha a can, ba ta daɗewa a wannan wahala. Kuɗin da ƙane zai turo a watan farko ba shi zai turo a na uku ba, a na biyar kuwa kai ne za ka tura masa na shakazoba. Kuma ba ka isa ka matsa ba, don maganar za ta koma gaban Baba, a ce ka fifita ƙarfe a kan ɗan'uwanka. Na ga zumuncin da bai sake komawa daidai ba saboda giyar Carina.

Akwai wadda ta fi wannan. Sunan da ke kan kat giriz, takardar mallakar mota, shi ne sunan da za a nema ranar da aka buge ɗan wani. Idan yaron da ke tuƙi ba shi da lasi, ko inshora ta ƙare ba a sabunta ba, iyalan wanda aka buge ba ƙauyenku za su nufa ba, ofishin kwamandanka za su zo. Soja mai shekara ɗaya a aiki ba ya son sunansa ya fara shiga kunnen manya ta wannan ƙofa.

Sai mai. Waɗanda suka girme mu sun saba da zuwa-zuwa, fetur ɗin Najeriya da ake shigowa da shi ta Mubi da Banki da bakin Binuwai a jarkoki, ana sayarwa a kwalabe a kowace kwana. Shekara da shekaru shi ya riƙe arewacin ƙasar nan, har mutum kan manta hanyar gidan mai. A watan Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai, arahar nan ta tafi. A namu ɓangaren kuma litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta sake hawa 840 a Fabrairun 2024. Nakan ce wa yaro ya ciro wayarsa ya buga lissafin da kansa. Garwa zuwa Marwa ya ɗan haura kilomita 200. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100, zuwa da dawowa za ta sha lita 32 ko fiye, wato wajen sefa 27,000 a wannan farashi, ban da sefa 500 a kowane shingen kuɗin hanya. Kujerar bas zuwa da dawowa ba ta kai rabin haka ba. Idan kuma ya ce zai ci gaba da na kwalba, nakan nuna masa famfon mai da muka ciro daga wata mota, ragarsa ta toshe da tsatsa da yashi. Ba duk mai sayarwa ke gauraya ba, amma ba a rubuta a jikin kwalba.

Takardu ba su da wuyar fahimta, tsada ce da su kuma ba sa jira: sauya suna a kat giriz, binciken lafiyar mota, inshora, wadda tun 2017 a cikinta ake biyan harajin mota na shekara. Hanya ma kowa ya sani. Wanda ya bi Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri da damina, ko ya sauko gangaren dutsen Ngaundere da birkin da bai yarda da shi ba, ba sai an yi masa bayani ba.

Abin da na fi jin tsoro dai ba ya cikin injin. Albashin soja ta banki yake bi, shi ya sa banki ke ba shi bashi da fara'a, don kuɗinsa yake fara cirewa kafin mai albashi ya ga saura. Ban da maganar ruwa, wadda kowa ya san abin da malamai suka faɗa a kanta, yaron da aka yanke wa kaso mai tsoka na shekara uku ko huɗu, ga mai, ga gareji, ga gida suna jira, kafin ashirin ga wata aljihunsa ya bushe. Sai a kai shi shingen bincike a kan hanyar da 'yan kasuwa ke bi. A nan ne hannu ke fara miƙuwa. Da farko na shayi ne, direba ma da kansa ya bayar. Daga baya ya zama ba a ɗaga igiya sai an ajiye. Na ga yara masu tarbiyya, waɗanda a horo ko sabulun wani ba sa taɓawa, mota ta koya musu wannan. A yankin da rayuwarka ta dogara ga mutumin ƙauye ya zo ya raɗa maka cewa ya ga baƙin fuska a bayan dutse, sojan da ya karɓe masa kuɗin gawayi jiya kada ya sa ran labari yau. Wannan ba a takardar bashi ake rubuta shi ba, amma yana cikin kuɗin motar.

Ba na yi wa sha'awar dariya, domin na san inda ta fito. Sanarwar ɗaukar kurata takan nemi saurayi ɗan shekara 18 zuwa 23, marar aure, marar ɗa. Da yawansu daga gidajen da ba a taɓa ajiye ko babur ba suka fito. Mutum ya sha rana da duka da yunwa a horo, yana son ranar sallah ya shiga unguwa yara su bi shi da gudu, ya ɗauki mahaifiyarsa a gidan gaba ya kai ta gaisuwa. Akwai kuma wanda ke cewa a ransa, aikin nan ba a san gawar fari ba, bari in ɗana tun ina da rai. Wannan maganar ba ni da bakin musa ta, na raka gawar waɗanda suka fi ni ƙuruciya. Abin da nakan ce kawai shi ne, idan ta Allah ta kasance, me kake so a tarar ka bari: fili da shanu biyu, ko mota a kan duwatsu? Wani lokaci iyayen ma sun fi mu gani. Wani yaro ya kira mahaifiyarsa a gabana yana yi mata albishir, na ji ta ta cikin waya tana cewa, "Ɗan nan, rufin ɗakina yoyo yake yi. Motar a ciki zan kwana?" Ya ce, "To Inna, na ji." Kwano ya saya.

Waɗanda na ga sun ci ribar rafel ɗinsu ba wata dabara ta musamman suka yi ba. Wani ya sayi fili a bayan gari, ya tsaya aka yi takarda a gaban lawan, wato mai gari, da shaidu, don filin da ba takarda ana sayar da shi sau biyu. Wani ya sayi maruƙa a kasuwar Adumri ko Bogo ya ba kawunsa kiwo, ko da yake a wasu wuraren satar shanu ta sa wannan ma sai an yi tunani. Wasu sun shiga adashi da 'yan ajinsu na horo. Mai bukatar abin hawa kuwa ya sayi babur sabo dal da kuɗi hannu, wanda in an yi masa canjin wuri za a ɗora a saman bas, in ya tafi daji a tura shi ɗakin Baba a rufe, in ya lalace kowane ƙauye akwai mai gyara. Hular kwano ce dai ba sa son sakawa, kuma babur ya kashe mana sojoji a cikin gari ba tare da an harba harsashi ba.

Akwai wanda nake ce wa ya saya. Wanda ya riga ya san inda aka ajiye shi, misali ma'aikacin asibitin soja ko makanike ko magatakarda a hedikwata, ya yi wasu shekaru, ya sami izinin aure, ga iyali ga dattijon da ake kaiwa asibiti duk mako. Irin wannan mota aiki za ta yi masa. Sharaɗina da shi biyu ne: ya biya da abin da ya tara, kuma bayan ya biya ya rage masa na gyara, don kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Idan mun je dubawa, da sassafe nake so, kafin mai ita ya ɗumama injin. In na taɓa bonet na ji zafi, na san akwai abin da ake ɓoyewa a tashin farko. Nakan buɗe murfin baƙin mai in duba ko akwai farin kumfa kamar madara, alamar ruwa na haɗuwa da mai. In sa yaron ya taka totur ni kuma in tsaya a baya ina kallon hayaƙi, shuɗi na nufin tana cin baƙin mai. In kwanta a ƙasa in duba tsatsa, don motocin ƙasashen sanyi gishirin da ake zuba wa titi yana cinye su ta ciki, fenti kuma ba ya faɗa. Lambar kilomita ba na ko kallonta, ana juya ta. Robar feda da sitiyari sun fi ta gaskiya.

Daga nan sai lambar shasi, in gwada ta jikin ƙarfe da ta takarda harafi bayan harafi, sannan takardar kwastan. Motoci da yawa a nan ta Kwatano da Najeriya suke biyowa, wasu ta daji, kuma harajin tsohuwar mota da ta haura shekara 10 ya fi na sabuwa nauyi, shi ya sa ake kauce masa. Kakin soja zai iya wuce da kai shinge ɗaya ko biyu, amma ranar da za ka sayar ko ka sauya suna, ko ranar da ƙanenka ne a ciki ba kai ba, za a nemi kuɗin nan har da tara. Don haka tare da dillali muke zuwa ofishin kwastan a tabbatar. Idan ya ce, "Haba Shef, a biya yau, takarda gobe, akwai wani Alhaji da ke jira," nakan ce masa Allah ya ba Alhaji sa'a, in ja hannun yaron mu nemi ɗan acaɓa.