Lahadi, Mubi: Yunusa da tubabbu

Yau fasto ya buɗe mana Yunusa sura 4. Ya tsallake labarin kifin da muke koya wa yara a makarantar Lahadi, ya tsaya a kan fushin annabin. Nineba ta tuba tun daga sarki har talaka, har dabbobi aka yafa wa tsummoki, Allah kuma ya fasa hallaka ta. Wannan ne ya ƙona wa Yunusa rai har ya roƙi mutuwa. Mutum fiye da 120,000 sun tsira, shi kuwa yana kukan tsiron da ya yi masa inuwa.

Coci ta yi tsit. Bai ambaci tubabbun Boko Haram ba, amma kowa ya san inda maganar ta dosa. Rabin waɗanda ke kan benci sun gudu da ƙafa ranar 29 ga Oktoba 2014, lokacin da aka ci Mubi da hedkwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a Kwarhi. Wasu sai Kamaru suka tsaya. Yanzu kuma ana sallamo tubabbun daga sansanin Malam Sidi a Gombe, da sana'a a hannu, ana cewa a karɓe su.

Bayan sujada muka zauna taron Zumuntar Mata a gindin dalbejiya. Mama, wata dattijuwa da aka kashe mata miji a gudun nan ta daɗe tana murza bakin zaninta kafin ta yi magana.

“'Yata,” ta ce mini, “na yafe tun tuni, don in samu barci. Amma in an ce in zuba masa tuwo da hannuna, ku ba ni lokaci.”

Wata ƙaramar yarinya ta taso da Matiyu 5:44, a ƙaunaci magabta a yi musu addu'a. Gaskiya ta faɗa, sai dai ni a ganina ba ita ce za ta karanta wa Mama wannan ayar ba. Yarinyar tana goye a lokacin gudun.

Da yamma na koma Ayyukan Manzanni sura 9. Ashe Hananiya ma, da aka aike shi wurin Shawulu mai tsananta wa masu bi, sai da ya yi wa Ubangiji gardama, ya ce ya ji irin muguntar da Shawulu ya yi a Urushalima. Duk da haka ya tafi, ya ɗora masa hannu, ya kira shi ɗan'uwa. Almajiran Urushalima kuwa tsoronsa suka ci gaba da ji har Barnaba ya tsaya masa. Zakka mai karɓar haraji ma da ya tuba, ninki huɗu ya yi alkawarin mayarwa. Jinƙan Allah kyauta ne, wannan ban yi shakka ba, amma in tubabbe yana son unguwa ta sake jiki da shi, sai an ga wani abu a ƙasa.

A addu'ar dare na sa tubabbun a ciki. Bakina ya yi nauyi, na dai faɗa. Gobe da safe zan kai wa Mama maganin ciwon gwiwarta kafin in wuce kasuwa.