Tsohuwar motata da harajin Amurka

Jama'ar Amurka masu tsohuwar mota a bayan gida, ku matso. A watan Disamba na ba wata ƙungiyar agaji motata kyauta. Giyarta ta daɗe tana ƙugi, ga tsatsa ta cinye ƙasan ƙofa saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin dusar ƙanƙara. Mai janwe ya zo da sassafe, na sa hannu a takardar mallaka, ya ja ta.

Masu tallan karɓar kyautar mota na cewa za ka samu ragin haraji, amma abin da ba sa faɗa shi ne, tun 2005 dokar harajin Amurka ta toshe ƙofar yi wa mota farashin son rai. In ƙungiyar ta sayar da ita sama da dala 500, kuɗin da aka sayar da ita shi kaɗai za ka rubuta a takardar haraji, kuma sai sun aiko maka da fom 1098-C, wato takardar shaidar kyautar mota, cikin kwana 30 da sayarwa. Tawa a gwanjo ko dala dubu ba ta kai ba.

Kuma ba tsabar kuɗin za a maido maka ba, daga kuɗin shigar da ake yanka wa haraji ake cirewa. Wannan ma sai ka jero abubuwan ragi ɗaya bayan ɗaya a Schedule A, wato shafin takardar haraji da ake lissafa su. In jimillarsu ba ta wuce ragin gama-gari da ake yi wa wanda bai jero komai ba, wanda a 2024 dala 14,600 ne ga mai cika takarda shi kaɗai, to ladan sadaka kawai ka samu, wanda ni dai ban raina ba.

Mai niyya ya tabbatar ƙungiyar na da rajistar 501(c)(3), wato shaidar hukumar haraji cewa ƙungiyar agaji ce, ya kuma miƙa motar kafin 31 ga Disamba ta wuce.