Abin da haɗa teburin giranda mai taya ya koya min

Shagonmu a Jos ɗan ƙarami ne, can wajen Dilimi, in aka kawo get ɗaya za a yi masa walda to sai an ture komai gefe. Shi ya sa girandar bel (injin goge ƙarfe da wasa wuƙa da bel mai kaushi) da na haɗa da hannuna ba ta da mazauni, dole sai tebur mai taya. Irin mai bel faɗin inci 2, tsawon inci 72 ɗin nan ce, moto doki 2, yana juyi wajen 2,800 a minti, kun ga ba abin da za a ɗora kan kowane benci ba ne.

Ni dai abin da na gane, ba kai ke tsara teburin ba, girgiza da ƙura ne ke tsara shi. Moto da firam duk suna sama, nauyi ya taru a ka, in gindin ya yi siriri taya ɗaya ta faɗa ramin siminti sai ka ga abu na neman kifewa a ƙafarka. Don haka na buɗa gindin ya fi saman faɗi, na yi shi da fayif mai kusurwa huɗu, durowar ƙasa kuma ita ce ta guduma da guntayen ƙarfe. Taya biyu tsayayyu, biyu masu juyawa da birki, kuma birkin ya zama mai kama juyawar ma gaba ɗaya, in ba haka ba kana danna wuƙa tebur na zamewa a hankali. Tsayi kuwa a auna har da taya, don taya inci 4 da farantinta tana ƙara wajen inci 5. Inda kake danna ƙarfe a jikin bel ya zo daidai cibiya, gwiwar hannu a manne da jiki, bayanka zai gode maka.

Durowa ce ta fi cin tunani wallahi. Na so sa mata layin nan mai boris na kanti, wani dattijon kafinta a kasuwar Katako ya ce, “Ɗana, garin ƙarfe zai shige cikin boris ɗin ya cinye shi, yi da katako ka goga kyandir.” Haka na yi, fuskar durowa ta rufe bakin ramin ta waje, na sa ɗan sakata don girgiza na buɗe ta da kanta. Lokacin hunturu a Jos ga ƙurar gari ga ta giranda, amma ciki tas.

Sai wuta. Tartsatsi da garin katako ba sa shiri, saman teburin na lulluɓe shi da falle na ƙarfe, bokitin ruwa na rataye daidai ƙasan bel inda tartsatsin ke sauka, nan kuma nake tsoma wuƙa kafin bakinta ya yi shuɗi don zafi. In ka goge alminiyam a share wajen kafin a koma ƙarfe, garin biyun in suka haɗu suna iya kamawa da mugun zafi, wannan ba wasa ba ne.

Bel ɗin ba na cusa su a durowa, suna lanƙwashewa, na walda musu guntun fayif mai kauri a gefe na rataye su, lamba 36 mai kaushi sosai a gaba tunda ita ta fi aiki, su 120 da 400 masu laushi a baya. Sharar garin kuma maganaɗisun tsohuwar sifika nake sawa cikin leda in bi ƙasa da shi, in ya cika in juya ledar a kan bola in zare shi.