Na Kai Littafina Damagaram

Da yawa daga cikin masu karanta littattafaina na soyayya ban taɓa ganin fuskarsu ba. Lamba ce kawai a waya. Su turo shaidar biyan kuɗi, ni kuma in saka su a rukunin WhatsApp da nake sakin shafuka kowane dare. Na daɗe da lura cewa lambobi masu farawa da +227, wato na Nijar, suna ta ƙaruwa, kuma masu su ba sa wasa da biya, duk da cewa sai sun tura ta kamfanonin aika kuɗi na Nita ko Amana, wata 'yar'uwata da ke aure a Maraɗi ta karɓa ta juya mini zuwa naira. Saboda haka da sabon littafina ya fito a takarda, wasu daga cikinsu da ke Damagaram suka ce in zo mu gana, ban tsaya dogon shawara ba. Abban yara ya ce a jira hutun makaranta na watan Disamba mu tafi gaba ɗaya, tunda yaran ba su taɓa tsallaka iyaka ba.

Shatar mota muka ɗauka, muka bar Kano bayan sallar asuba, hazo ya rufe gari. Kwalayen littattafai a but, yara a baya cikin rigunan sanyi. Ni malamar firamare ce, rubutuna na bayan isha'i ne, in an ci tuwo an kwantar da auta, kuma da babban yatsa nake yinsa a waya. Ranar na san ba zan samu daren ba, don haka daga Dambatta har muka wuce Kazaure kaina na sunkuye ina buga shafin da zan saki. Mai karatun da ta biya kuɗinta ba ta san uzurin tafiya ba, kuma tana da gaskiya.

A Daura muka karya, muka kai yaran rijiyar Kusugu. An kewaye ta da gini, akwai mai kula da ita, shi ya jawo ruwa da guga ya ba mu muka sha, yana ba yaran labarin macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon da ya zo cikin dare ya sare kan macijin, da Sarauniya Daurama da ta aure shi. Babbar 'yata ta matso kusa da ni ta ce, "Umma, ashe wannan ma labarin soyayya ne." Na ji daɗin maganar ƙwarai, domin tun tana ƙarama take jin mutane suna yatsina fuska in an ce ga sana'ar uwarta.

Daga Mai'aduwa sai Kwangwalam, sai Ɗan Barto a ɓangaren Nijar. Ma'aikacin kwastan ya buɗe kwali ɗaya, ya juya littafin gaba da baya, ya ce matarsa ma da irin waɗannan take kwana, amma ita a kunne take sauraro, wata ce ke karantawa a YouTube. Muka canza kuɗi zuwa sefa muka kama hanya. Matamaye, Kance, Takyeta. Da muka zo Tirmini sai Abbansu ya sa direba ya rage gudu, ya nuna wa yaran filin, ya ce a nan sojojin Faransa suka gwabza da rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a 1899, daga nan suka shiga birnin. Kafin la'asar mun sauka.

Washegari da safe ta yara ce. Muka shiga Birni, tsohuwar unguwar da ke cikin ganuwa, inda manyan duwatsu suke tsaye a tsakanin gidaje, ga zanen da magina suka yi wa fuskokin zaure. Muka tsaya ƙofar fada, dogarai cikin ja da kore. Wani dattijo da ya ji muryarmu ya gane Kanawa ne, ya raka mu yana faɗin yadda Sarki Tanimu ya ƙarfafa garin har ana ƙera igwa a cikinsa, da yadda nan ne babban birnin Nijar kafin Faransawa su mayar da shi Yamai a 1926. Auta dai kilishi ne ya tsaya masa a rai.

Da yamma aka yi abin da ya kawo ni. Ba irin ƙaddamarwar da muka saba a Kano ba ce, ta ɗakin taro da babban mai ƙaddamarwa da alkawuran kuɗin da sai an yi ta zarya kafin a gani. Tsakar gidan wata mai karatuna ce a unguwar Zango, an share an shimfiɗa tabarmi, ga kwanukan kwaɗon zogale, ga shayi ana ta zagawa da shi. Akwai ma'aikatan jinya, akwai teloli, akwai 'yan mata ɗaliban jami'a, akwai masu goyo. Kowacce ta faɗi sunan da take amfani da shi a rukuni, sai a kwashe da shewa, don wasunsu ma a ranar suka fara ganin juna. Na karanta musu babi ɗaya da baki, wurin da uwargida ta shiga ɗakin amarya ta tarar da ita tana kuka. Ban kai ƙarshe ba gardama ta kaure. Wasu suka ce babu macen da za ta rarrashi kishiyarta, wata mai goyo ta ce ita an yi mata, kuma har gobe ba ta manta ba. Na yi shiru na bar su, ina jin mutanen da na ƙirƙira a ɗakina ana kare su ana zarginsu kamar maƙwabta.

Can sai wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, ta gyara zama ta ce, "Ɗiyata, ina da saƙo, ki kai wa 'yan'uwanki marubuta."

Na ce, "Ina jin ki, Inna."

Ta ce ita da Faransanci aka koyar da ita, da shi kuma ta koyar. Karatun Hausa a littattafan soyayyar da fatake ke kawowa daga kasuwar Sabon Gari ta Kano ta koye shi, lokacin tana amarya, ana ba da hayarsu ana karɓa hannu da hannu har bango ya yage. Ta ce mata da yawa a garin haka suka iya. Amma yanzu sai ta biya kuɗinta ta buɗe littafi a waya, da an zo wurin da saurayi zai faɗi abin da ke ransa, sai ya juye Ingilishi, layi uku, layi huɗu. "Wurin da muke jira ke nan, shi kuma ake rufe mana ƙofa." Matan duk suka amsa. Wata ɗaliba ta ƙara da cewa ga rashin ƙugiya a haruffa, ga haɗe kalmomin da ya kamata a raba, sai ka maimaita jimla kafin ka gane nufinta.

Maganar ta zauna mini, kuma ina tare da ita ɗari bisa ɗari. Waɗanda suka buɗe mana wannan hanya a Kano tun wajajen 1980 da ɗoriya, da kuɗin aljihunsu suka riƙa buga littafi, ana yi musu gorin adabin kasuwa, amma Hausarsu ta isa ko'ina ba tare da tafinta ba. Mu da waya ta sauƙaƙa wa komai, bai dace a ce mu ne za mu taƙaita masu karatunmu ga wanda ya yi boko a Najeriya ba. Balle yanzu da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025. Yarinyar da za ta fara neman abin karantawa da harshenta a Damagaram ko Tasawa, littafin soyayya ne zai fara faɗowa hannunta, ko masu sukarmu sun so ko sun ƙi.

Kusan duk wadda ta zo ta sayi littafi, wasu har da na ƙawayensu, na yi ta sa hannu har aka kira magariba. Ragowar muka kai wa wani mai shagon littattafai a Kasuwar Dole, muka yi da shi cewa in sun ƙare zai kira, in ba direbobin da ke jigila tsakanin Kano da Damagaram su kawo masa. Inna malama kuma na roƙe ta ta riƙa duba mini rubutu kafin in saki, ta ce ta yarda, amma da sharaɗin in riƙa turo mata da rana, don idonta ba ya son hasken waya da dare. Hakan na nufin sai na sauya lokacin rubutuna zuwa bayan asuba, kuma tun a mota a hanyar dawowa muka fara tsara da Abban yara wanda zai riƙa shirya su makaranta.