Dainamon tsohuwar Landirobar Baffa

Landirobar da Baffa ya bari a gidanmu na Jekadafari, cikin Gombe, ƙirar kafin 1967 ce, kuma da dainamo take caji, ba altaneta irin ta motocin yanzu ba. Ta daɗe a jibge ƙarƙashin darbejiya. Da muka saka sabon batir ta tashi lafiya lau, sai dai jar wutar caji ta ƙi mutuwa ko an taka totur.

Duk yaron rewaya da ya leƙa bonet maganarsa ɗaya: "Alhaji, a cire wannan a sa altaneta." Ni kuwa na ce sai an auna tukuna. Na ɗauko wani dattijo da ya tsufa a kan wayar irin waɗannan motoci, ya zauna a benci yana faɗa, ni ina yi.

Fambel muka fara dubawa, ba ta saki ba. Dainamon Lucas C40 ne, baki biyu gare shi a baya, babba D, ƙarami F. Na zare wayoyinsu, na haɗe bakunan da guntuwar waya, na sa mita tsakaninsu da bodi. Ƙa'idar ita ce a ɗaga injin a hankali. Mai lafiya nan take allura za ta haura, kuma ba a barinta ta wuce volt 20. In ta tsaya wajen rabin volt zuwa 1, a zargi kwayil ɗin maganaɗisu, in kuwa 4 zuwa 5 ne, amecha, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin dainamon. Tamu ko motsi ba ta yi ba.

"To, buɗe shi, yaro," in ji dattijon. Buroshi ɗaya, wato ɗan gawayin da ke ɗauko wuta, ya maƙale a gidansa, ƙurar hunturu da tsohon mai sun daskare sun zama kamar ƙanzo, sifirin ya kasa turo shi. Zoben tagullar da buroshin ke gogawa ya yi baƙi ƙirin. Na wanke da fetur, na goge da sanfefa mai laushi, sannan na yashe tsagogin da ke tsakanin tagullar da karyayyen zarton ƙarfe. Wannan aiki yana cin rai, don hannu na zamewa ka karce tagulla.

Da muka mayar, allura ta motsa, amma baya ta yi. Nan dattijon ya tashi ya leƙa batir, ya yi dariya. Waɗannan motoci ƙafar "+" ce ke zuwa bodi, wanda ya ɗaura mana batirin kuwa ya bi tsarin zamani ya kai "−". Dainamo yana riƙe ɗan maganaɗisu a ƙarfensa, da shi yake fara caji, kuma nasa na tsohon tsari ne. Muka zaɓi barin batirin yadda yake. Na ja waya daga "+" na ɗan taɓa bakin F har ya yi tartsatsi don maganaɗisun ya juya zuwa sabon tsari, muka kuma juya wayoyin kwayil ɗin wuta da na mitar caji. Katawut, wato akwatin da ke daidaita caji, ko murfinsa ba mu buɗe ba.

Yanzu a silo jar wutar takan ɗan yi ƙyalli, ana taɓa totur ta ɗauke. Halin dainamo ne, ba ya ba da wuta sai injin ya ɗaga. Iyakarsa amfiya 22, shi ya sa in zan dawo daga gona ta hanyar Dadin Kowa da dare, fitilun gaba kaɗai nake kunnawa.